Ɗinki sai an yi oda: dabarar da Turai ke komawa gare ta, wadda telolinmu ba su taɓa bari ba

A ƴan shekarun nan wasu kamfanonin tufafi na Faransa da sauran ƙasashen Turai sun fara tallar wani tsari da suke cewa zai rage ɓarnar da sana'arsu ke yi wa muhalli: ba a yanka yadi sai an samu mai saye, ya zaɓi abin da yake so, ya biya. A Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai wannan ba sabon labari ba ne, domin haka kowane tela yake aiki. Sai dai a daidai lokacin da can ake neman komawa ga ɗinkin oda, ko komande kamar yadda muka saba faɗa, a nan gwanjo da kayan kanti masu araha ne ke ƙara cin kasuwa. Mene ne amfanin tsarin, ina iyakarsa, kuma me za mu yi asara in muka sake shi?

Kasuwancin da aka gina kan hasashe

Kafin a ƙirƙiro keken ɗinki, kusan kowa a duniya sai an auna shi ake ɗinka masa sutura. A 1830 wani tela Bafaranshe mai suna Barthélemy Thimonnier ya yi rajistar keken ɗinkinsa, ya buɗe masana'anta a Paris inda ake ɗinka kayan soja. A shekarar da ta biyo baya telolin birnin suka afka wa wurin suka farfasa kekunan, don tsoron kada su rasa abincinsu. Fushinsu bai tsayar da komai ba. A 1851 Isaac Singer ya fito da nasa keken a Amurka, daga nan kuma aka shiga zamanin ɗinka riguna dubbai a kan ƴan ma'aunai ƙalilan: ƙarami, matsakaici, babba.

Irin wannan kasuwanci yana tafiya ne da hasashe. Watanni kafin kaya su isa kanti, kamfani yakan yanke shawarar launin da mutane za su so, da adadin da za su saya, sannan ya aika oda zuwa masana'antun Sin, Bangaladash, Biyetnam ko Turkiyya. Da yake kuɗin ɗinkin riga ɗaya yana raguwa gwargwadon yawan abin da aka yi oda, ya fi wa kamfani riba ya ɗinka fiye da buƙata a kan kaya su yanke masa ana tsakar ciniki. Saboda haka rara ba kuskure ba ce a wannan tsari. Da ita aka yi lissafin tun farko.

Daga ƙarshen ƙarnin da ya wuce abin ya ƙara sauri. Kamfanoni irin su Zara da H&M sun saba wa masu saye da sababbin kaya kowane ƴan makonni, daga baya kuma Shein ya zo yana zuba dubban sababbin samfura a intanet a rana guda. Wani rahoto da gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar a 2017 ya nuna cewa yawan tufafin da ake ɗinkawa a duniya ya ninka sau biyu tsakanin 2000 da 2015, har ya haura guda miliyar 100 a shekara, yayin da adadin lokutan da ake sa tufa kafin a yar da ita ya ragu da kashi 36 cikin 100. Rahoton ya ƙara da cewa abin da ake sake mayarwa sabuwar tufa daga cikin tsofaffi bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Ina rarar take zuwa?

Wani ɓangare nata ƙonewa ake yi tun ba a taɓa sawa ba. A 2018 kamfanin Burberry na Ingila ya bayyana a cikin rahotonsa na shekara cewa ya lalata kayan da ba a saya ba na fam miliyan 28.6, wato kimanin sefa miliyar 21, don kada a sayar da su da araha darajar sunansa ta faɗi. Surutun da ya biyo baya ya sa kamfanin ya ce ya daina. A shekarar kuma H&M ya sanar da cewa yana da kaya jibge na dalar Amurka miliyar 4.3. Hukumar kula da muhalli ta Tarayyar Turai ta ƙiyasta a 2024 cewa kashi 4 zuwa 9 cikin 100 na kayan saƙa da ake kai wa kasuwannin Turai ana lalata su ba tare da kowa ya yi amfani da su ba. Ta kuma ce a cikin tufafi biyar da aka saya ta intanet, ɗaya ana mayar da shi, galibi saboda bai yi wa mai shi daidai ba.

Wannan ne ya sa aka shiga kafa dokoki. Faransa ta yi doka a watan Fabrairun 2020 wadda ta hana lalata tufafin da ba a sayar ba daga 1 ga Janairun 2022. Tarayyar Turai ma ta amince da irin wannan hani a 2024, ta sa wa manyan kamfanoni watan Yulin 2026 a matsayin lokacin fara aiki da shi.

Wani ɓangaren kuma, tare da tsofaffin kayan da Turawa ke zubawa a akwatunan sadaka, shi ake ɗaurewa dila-dila a loda a kwantena zuwa Afirka. Shi ne gwanjo, ko bosho. A kasuwar Kantamanto ta birnin Akara a Gana, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 ke shigowa kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 suna ƙarewa a juji, wasu har bakin teku. Ƴan kasuwa suna biyan kuɗin dila ba tare da sun ga abin da ke ciki ba. In sun buɗe suka tarar rabi tsumma ne, asarar tasu ce, sharar kuma ta garinsu. Masu sayar da bosho a kasuwanninmu sun san wannan caca sarai.

Abin da ke cikin riga ɗaya

Don a gane girman asarar, sai a duba abin da riga ta ci kafin ta zama riga. Ƙungiyar kare muhalli ta WWF ta ƙiyasta cewa rigar auduga ɗaya mai gajeren hannu tana cin ruwa lita 2,700, tun daga gona har zuwa rini. Wannan ya kai jarka 108 ta lita 25. Duk wanda ya taɓa bin layin famfo a Damagaram da bazara ba ya buƙatar a yi masa ƙarin bayani.

Fiye da rabin zaren da ake yi a duniya yanzu kuma poliyesta ne, wanda ake samu daga man fetur. Ɗan'uwan leda ne: ba ya ruɓewa a ƙasa kamar auduga, in an ƙone shi yana fitar da hayaƙi mai cutarwa, in ya shiga lambatu yana taimaka wa leda wajen toshe hanyar ruwa, sai damina ta zo a ga sakamako.

Akwai kuma haƙƙin masu ɗinkin. A ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza da ke kusa da birnin Daka a Bangaladash ya rushe a kan ma'aikatan da ke ɗinka wa manyan kantunan Turai da Amurka kaya. Mutum 1,134 suka rasu, yawancinsu mata. An ga tsagewa a jikin ginin tun kwana ɗaya kafin nan, amma aka tilasta musu komawa bakin aiki don odar ba ta jira. Idan rigar da aka ɗinka cikin irin wannan hali ta ƙare a wuta ba tare da an sa ta ba, ruwan da auduga ta sha, da man da aka ƙona, da guminsu duk sun tafi a banza.

Me ɗinkin oda yake gyarawa?

Abu na farko shi ne rara. Idan ba a yanka yadi sai an san mai riga, babu kayan da za su kwana a sito suna jiran a karya musu farashi ko a ƙone su. Yadin da ba a yanka ba kuma yana nan da darajarsa: wanda bai zama riga bana ba zai iya zama wando baɗi.

Na biyu shi ne dacewa da jiki. Rigar da aka auna ba a mayar da ita don ta yi ƙunci ko ta yi yawa, kuma mai ita ya fi daɗewa yana sa ta. Wannan shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya, domin hanya mafi sauƙi ta rage ɓarnar tufafi ita ce a daɗe ana sa waɗanda ake da su.

Na uku shi ne gyara. Tela yakan bar ɗan sarari a kalmasa da gefen ɗinki, don in yaro ya ƙara tsawo ko jiki ya sauya a saki. Masana'antar da ke neman rage kowane santimita na yadi ba ta barin wannan.

Na huɗu shi ne lokaci. Wanda zai zaɓi yadi, ya je awo, ya jira mako biyu, ya fi mai danna waya da tsakar dare tunanin ko yana buƙatar abin da gaske.

A Turai tsarin ya ɗauki siffofi daban-daban. Akwai tsohon ɗinkin masu hali, irin na telolin titin Savile Row a Landan, wanda talaka ba ya kusantarsa. Akwai sababbin kamfanoni irin su Asphalte na Faransa, da ke nuna samfur a intanet, su tara masu so su karɓi kuɗinsu, sannan su ɗinka gwargwadon abin da aka biya, mai saye ya jira makonni ko watanni. Akwai kuma injinan saƙa masu aiki da kwamfuta, kamar na kamfanin Shima Seiki na Japan, da ke saƙa rigar sanyi sukutum ba tare da an yanka komai ba.

Amma a yi hattara da sunan. Shein ma yana cewa yana aiki ne gwargwadon buƙata, domin yakan fara da guda 100 zuwa 200 na kowane samfur, sai in ya ga ana saye ya ƙara. Hakan yana rage masa kayan kwantai, amma bai rage yawan tufafin da ake ɗinkawa a yar bayan an sa sau biyu ko uku ba. Darasin a nan shi ne, ɗinkin oda yana amfanar muhalli ne kawai idan ya kai ga tufafi kaɗan masu ƙarko.

Abin da muke da shi a gida

Abin da kamfanonin Turai ke kashe kuɗi don su gina, mu muna da shi a kowace unguwa. Mutum ya sayi shaddarsa ko atamfarsa a kasuwa, ya kai wa telan da ya san shi, a auna, a yi ciniki, a sa rana. Tela ba ya ajiye rigunan da babu masu su, ba ya ƙone komai. Kuɗin ɗinki yana zama a gari: wajen mai shago da yaransa, da mai surfani, da mai sayar da zare da maɓalli, da mai guga, da mai bugun shadda.

Suturarmu ta gargajiya ma ba ta son ɓarna. Zane ba a yanka shi, ɗaurawa ake yi, kuma in ya tsufa ya zama zanen goyo, daga nan ya zama shimfiɗar jariri ko gammo. Babbar riga ta asali daga ƙananan ƙwaryoyin saƙi ake haɗa ta, kusan duka a miƙe, shi ya sa ƙyallen da ke faɗuwa ƙasa bai taka kara ya karya ba. A masana'antun kayan kanti kuwa, ana ƙiyasta cewa kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na yadi yana zubewa a wajen yanka. Ƙari a kan haka, a gidajenmu riga ba ta da mai ita ɗaya: ta wa takan koma ta ƙane, ta uba a rage ta a ba ɗa.

Gyara ma haka. Tun watan Nuwamban 2023 a Faransa ake rage wa mutum yuro 6 zuwa 25, wato kimanin jika 4 zuwa jika 16, idan ya kai tufa ko takalmi a gyara masa, don a farfaɗo da sana'ar da ta kusa mutuwa a can. A nan mai ɗaukar keke a kafaɗa yana kaɗa almakashi a lungu yana yin wannan aiki kullum ba tare da tallafin kowa ba.

Ƙasar nan ta kuma nuna cewa ɗinkin hannu yana iya kai wa ko'ina. A 1998 ne Alphadi ya shirya bikin FIMA na farko a Tigidit, kusa da Agadas, inda masu zayyana tufafi na Afirka da na Turai suka haɗu a tsakiyar hamada. Baje kolin SAFEM na Yamai kuma ya daɗe yana fito da aikin mata masu sana'ar hannu.

Inda namu tsarin yake da rauni

Kada mu yi saurin yabon kai. Matsala ta farko ita ce yadin kansa. Shaddar Getzner daga Ostiriya take zuwa, atamfar Vlisco daga Holan, mafi yawan masu araha kuma daga Sin, da yawansu gauraye da roba. Maƙwabtanmu Mali, Benin da Burkina Faso suna cikin manyan manoman auduga na Afirka, amma mafi yawanta ɗanya ake fitar da ita, a saƙa a Asiya, a dawo mana da ita yadi. Saboda haka telanmu yana rage ɓarna ne a wajen yanka da ɗinki. Ɓarnar gona, saƙa da rini tana faruwa can nesa da shi. Yadin banza kuwa, ko wane gwani ne ya ɗinka shi, ba zai yi ƙarko ba.

Ta biyu ita ce anko. Idan mace ta yi anko biyar ko shida a shekara, kowanne ta sa shi rana ɗaya ta ninke a akwati don kada a ce ta maimaita, to ta yi abin da mai sayen Shein yake yi, ko da tela ne ya ɗinka mata. Nauyin kuɗin kuma kowa ya san a kan wa yake faɗawa, da irin bashi da ɓacin ran da yake jawowa tsakanin ƙawaye da ma'aurata.

Ta uku ita ce cunkoson Sallah. Aikin shekara yana taruwa a makonnin ƙarshe na azumi da gabanin Layya, tela ya karɓi fiye da ƙarfinsa don ya san bayan Sallah zai zauna babu aiki. Daga nan ake samun saɓa alkawari, da ɗinkin gaggawa, da yaran shago da ke kwana a kan keke. Duk wanda aka ɓata wa kayan Sallah sau ɗaya, baɗi sai ya nufi kanti.

Ta huɗu ita ce wuta. Injin surfani da keken zamani ba sa aiki sai da lantarki. Lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar daga watan Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, teloli na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Wanda ya koma ga janareto kuma dole ya ɗora kuɗin mai a kan ɗinki.

A hana gwanjo ne?

Wasu na ganin mafita ita ce a rufe wa gwanjo ƙofa. Ruwanda ta gwada wani abu mai kama da haka: a 2016 ta ninninka harajin tsofaffin tufafi don ta kare masana'antunta, a 2018 kuma Amurka ta mayar da martani ta hanyar janye wa tufafin Ruwanda rangwamen haraji na shirin AGOA. Najeriya ta daɗe da hana shigo da gwanjo, amma hanin bai hana shi shiga ta kan iyaka ba, kamar yadda ƴan kasuwar Maraɗi suka sani.

Gaskiyar magana ita ce gwanjo yana rufa wa mutane da yawa asiri. Magidanci mai ƴaƴa bakwai ba zai iya kai kowa wajen tela ba, kuma rigar sanyi lokacin hunturu a wajen mai bosho ta fi samuwa. Sa tufar da wani ya riga ya sa ma ƙara mata rai ne. Abin ƙi shi ne dilar da rabinta shara ce. Nan ne ya kamata hukuma ta sa ido, ta hanyar tantance ingancin abin da ke shigowa.

Burkina Faso ta bi wata hanya dabam. Tun zamanin Thomas Sankara, wanda ya mulki ƙasar daga 1983 zuwa 1987, ake ƙarfafa sa Faso Dan Fani, saƙin hannu na audugar gida. Abin koyi a nan shi ne, idan gwamnati da makarantu suka zama masu sayen kayan gida, masaƙa da teloli suna samun aiki na shekara gaba ɗaya, ba na Sallah kaɗai ba.

Abin da kowa zai iya yi

Ga mai saye, lissafin da ya fi dacewa shi ne a raba kuɗin riga da adadin ranakun da za a sa ta. A ɗauka ka sayi riga jika 3, ta koɗe bayan sawa 10: kowace sawa ta ci maka sefa 300, wato dala 60. A ɗauka kuma yadi da ɗinki sun ci jika 15, ka sa ta sau 100: kowace sawa sefa 150 ce, dala 30. Hausawa sun riga sun faɗa, araha ba ta ado. Kai ɗinkin Sallah tun kafin azumi, da gaya wa tela ya bar sararin saki a kayan yara, da karɓar ragowar ƙyalle don hula ko faci, duk ƙananan abubuwa ne masu rage asara. Masu biki kuma za su iya zaɓar anko ɗaya mai kyau da za a ci gaba da sawa bayan an watse, ko su faɗi launi kawai kowa ya zo da abin da yake da shi.

Ga teloli, littafin awo da na alkawari ya fi kowace talla. Tela da ya san adadin kayan da shagonsa zai iya gamawa a mako, ya daina karɓa idan ya cika, ba zai rasa abokan ciniki ba. Ƙyallayen da ake sharewa a ƙone kuma ana iya tara su a sayar wa masu cusa matashi da katifa, ko a haɗa su a yi jaka da bargo.

Ga hukumomi, abubuwa uku ne suka fi gaggawa: bai wa telolin gida kwangilar kayan ƴan makaranta da na ma'aikata, sauƙaƙa bashin sayen keke da faifan hasken rana, da bai wa yaran da suka koyi ɗinki a shago takardar shaida da za ta amfane su.

Turai tana ƙoƙarin dawo da ɗinkin oda bayan ta rasa telolinta, shi ya sa can ya zama abin masu kuɗi. Mu namu suna nan, a farashin da ma'aikaci da ƴar kasuwa za su iya biya. Amma sana'a tana rayuwa ne muddin akwai yaron da ke ganin amfanin zama ya koye ta, kuma yaro ba zai zauna a shagon da ba a kawo ɗinki ba.